Takalman Malam Uwaisu

LAWAL: Maidabino Overseas, good morning.

ALMU: Salamu alaikum, gidan masu siminti. Magajin garin Plumstead ta London ke magana, a ba ni Manaja.

LAWAL: Hello? Wa... Almu? Kai! Almu Sarkin Zuƙi! Ashe kana duniya?

ALMU: Ina gefenta, Lawwali. Ina kwana?

LAWAL: Lafiya lau. Ina gajiya?

ALMU: Ba gajiya. Ya sanyi?

LAWAL: Sanyi lokacinsa ne. Ya aikin biskit?

ALMU: Muna ta toyawa, Turawa na ta ci. Ya Karimatu? Ya yara?

LAWAL: Duk lafiya. Babbar ta shiga sakandare.

ALMU: Iko sai Allah. Har yanzu in an ce mata ina kwana sai ta ce fine thank you?

LAWAL: Tana ji, mayarwa ce ba ta yi. Wai daga ina kake magana? Kamar kana cikin randa.

ALMU: Akwatin waya na bakin titi. Sanyin yau, Lawwali, da idona na ga tattabara ta tsayar da bas, ta hau, ta biya kuɗin mota.

LAWAL: Ka fara ke nan. Shekara uku ban ji muryarka ba, da ƙarya za ka buɗe?

ALMU: Har kwandasta ya ba ta canji. Ya Alhaji Maidabino? An ce tun da soja suka buɗe ƙofar siyasa ya daina barci.

LAWAL: Takara zai tsaya. Kullum sha biyun rana sai ya bugo daga Kano. Yanzu ma sha ɗaya da kwata, shi nake shiri wa. Kai, ka ma tuna mini. Almu, ina Malam Uwaisu? Na san ka sani.

ALMU: Me za ka ba shi?

LAWAL: Kada ka yi mini haka. Tun da aka kawo shi asibiti Alhaji ke cewa in kula da shi. Na aika direba da kwandon lemo da tuffa...

ALMU: Ka aika direba.

LAWAL: Aiki ya yi mini yawa.

ALMU: Daga Charing Cross zuwa asibitin nan, kunkuru ma zai je ya dawo kafin azahar.

LAWAL: To, an dawo da kwandon. Makon jiya na yi booking ɗin ɗaki na musamman dominsa, aka ce ai ya sa hannu ya fita. Ina ya tafi?

ALMU: Ɗakina. Kwana tara ya yi a kan gadona, ni ina ƙasa.

LAWAL: Ɗakinka? Ɗakin nan na saman shagon Ba'indiye? Mutum mai ciwon hanta? Haba Almu! To yanzu ya jikin nasa?

ALMU: Jiki ya yi sauƙi ƙwarai. Ba abin da ke masa ciwo.

LAWAL: Alhamdu lil... Almu. Me kake nufi?

ALMU: Jiya bayan la'asar.

LAWAL: Me? Wata mota ta wuce, ban ji ba.

ALMU: Na ce jiya bayan la'asar Malam ya cika!

LAWAL: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna lillahi... Almu, in wannan ma cikin zuƙe-zuƙenka ne, wallahi...

ALMU: Da ma a ce shi ne. Yau ƙaryar ta ƙi zuwa.

LAWAL: Allah ya jiƙansa. Allah ya gafarta masa. Ya yi kalmar shahada?

ALMU: Ya yi, da bakinsa, sau uku. Kafin nan ya ce in buɗe taga wai ɗakin na warin biskit.

LAWAL: Allahu akbar. Malam ke nan.

ALMU: Tsaya, wayar ta fara kukan yunwa, bari in jefa mata kwabo... Kana ji na?

LAWAL: Ina ji. To saurara. Ka bar mini komai. Alhaji ya riga ya ce in ta Allah ta kasance, jirgi guda zai ɗauka. Za a kai shi gida Rafin Marke, a tare shi tun daga filin jirgi, motoci ɗari, a yi masa jana'izar da ba a taɓa...

ALMU: Da hoton Alhaji a goshin kowace mota.

LAWAL: Ba maganar siyasa ba ce wannan.

ALMU: Lawwali, mutumin da ya tsaya gaban alƙali ya dafa Alƙur'ani ya ce Malam na tunzura talakawa su ƙi noman gandun hakimi, shi ne yau zai ɗauki gawarsa don Allah?

LAWAL: Shekara goma sha huɗu ke nan. Mutane na canzawa.

ALMU: Suna canza riga. Duk wanda ya shiga Rafin Marke da gawar Malam a gaba, ya gama cin zaɓe, ko kare ne. Kai ka sani, Alhaji ya sani, Malam ya fi ku sani. Ya bar wasiyya. Ya ce da ransa bai hau motar Maidabino ba, kada a ɗora gawarsa a jirginsa. Inda ya faɗi nan za a rufe shi.

LAWAL: A London? Cikin wannan laka? Iyalinsa fa?

ALMU: Matarsa Inna Yelwa ta sani. Ka manta Malam tela ne? Shi ya yanka likkafaninsa tun a gida, ita ta ninke ta sa a ƙasan akwati. Na gani da na buɗe neman carbinsa. Har zaren ɗauri ya naɗe a gefe.

LAWAL: Subhanallahi.

ALMU: Na karɓo takardu da safen nan. Council sun ba da wuri a ɓangaren Musulmi. Ƙarfe ɗaya da rabi wanka a gidan masu ajiye gawa na Woolwich, uku da rabi a rufe shi. Limamin 'yan Pakistan zai yi salla.

LAWAL: Yau ɗin nan? To me ya sa ka bugo mini, tunda ka gama shirinka?

ALMU: Ba ni na ga dama ba. Malam ya ce ni in wanke shi, kai ka zuba ruwa.

LAWAL: Ni?

ALMU: Lawal ɗan Sule mai jima. Akwai wani?

LAWAL: Ƙarya kake yi.

ALMU: Da ni na ƙaga, da na zaɓi wanda ya fi ka kyan gani.

LAWAL: Almu, ka san abin da kake ce mini? Saura minti arba'in Alhaji ya bugo. In na ce masa Malam ya rasu, kafin ƙarfe ɗaya ya sa lauya ya tsayar da komai. In na ɓoye masa, na tafi na zuba ruwa, gobe ya ji... Flat ɗin da nake ciki na kamfani ne. Takardar zamana a ƙasar nan da sunan kamfani take. Yara uku a makaranta.

ALMU: Na sani.

LAWAL: Ba ka sani ba! Kai ba mata ba ɗa, daga kai sai rediyo. Riƙon aƙida a ɗaki ɗaya ba wuya.

ALMU: Haka ne.

LAWAL: Ga 'yan Pakistan nan, su zuba mana. Ruwa ruwa ne.

ALMU: Sun ce za su yi. Har Mista Joshi ya tambaya ko shi zai iya, na ce masa addini bai ba shi ba. Ya ce to zai riƙe mana tawul daga bakin ƙofa.

LAWAL: Wane ne kuma Joshi?

ALMU: Mai gidana mana, Ba'indiyen. Ɗan Hindu ne. Yau ya rufe shago. Shekara shida ina gidan, ko ranar Kirsimeti bai taɓa rufewa ba, ko ranar da matarsa ta karye a ƙafa, ta taga ya riƙa miƙa jarida.

LAWAL: Ina ruwan mai bautar gumaka da Malam?

ALMU: Takalma suka haɗa su.

LAWAL: Talakawa?

ALMU: Takalma! Na ƙafa! Ka tuna ranar da 'yan doka suka kama Malam a kasuwar Laraba, suka jefa shi mota ba takalmi?

LAWAL: Na tuna. Ranar da ka ce ka kayar da 'yan doka bakwai.

ALMU: Goma sha ɗaya.

LAWAL: Da can bakwai ne.

ALMU: Na sake ƙirgawa. To takalman nan nasa na taya, ni na tsince su. Suna wurina tun ranar. Da su na hau jirgin ruwa na zo ƙasar nan. Na naɗe su a farin ƙyalle na ɗora a saman kabad.

LAWAL: Shekara goma sha huɗu kana ajiye da tsohuwar taya?

ALMU: Saurara mana. Shi Joshi, lokacin da aka kore su daga Uganda, akwati ɗaya aka bar shi ya fita da shi. Ya bar shaguna biyu da mota. Ka san abin da ya sa a akwatin? Takalman katako na malaminsa da ya mutu, irin dangarafan nan. Suna nan a ɗan lungu a falonsa. Kullum da safe sai ya goge su, ya sa musu fure, ya kunna 'yar fitilar man shanu, sannan ya karya.

LAWAL: A'uzu billahi.

ALMU: Haka na ce ni ma. Sai wata rana ina wurin aiki, matarsa, Inna Kamla, ta hau share mini ɗaki. Ta ga ƙyalle, ta buɗe, ta ga takalma. Na dawo da yamma, tun daga matakala nake jin turaren tsinke. Na buɗe ƙofa, Lawwali, ga takalman Malam a kan teburina, an shimfiɗa musu jan ƙyalle, an zagaye su da furanni ruwan ɗorawa, ga fitila, ga 'yar tasa da alewar madara.

LAWAL: Kai! Ha ha... Astagfirullah, ina dariya ranar mutuwa.

ALMU: Yi abarka, shi ma ya yi. Na sauko a guje ina cewa shirka, shirka, za ku kai ni wuta! Tsohuwa ta haɗa hannu tana ba ni haƙuri, wai ba ta san ina da guru ba, da ba ta bar shi shekara biyu a saman kabad cikin ƙura ba abinci ba.

LAWAL: Guru?

ALMU: Malami, jagora. Na ce mata wannan ba waliyyi ba ne, ɗan siyasa ne, tela ne mai faɗan tsiya. Joshi ya zaunar da ni ya ce, ya taɓa ba ka wani abu? Na ce ko hula. Ya ce ya yi maka alkawarin muƙami? Na ce mutumin da ko kansila bai taɓa ci ba? Ya ce to me ya sa ka ɗauko takalmansa ka haye teku? Na rasa amsa. Ni, Almu, na rasa amsa.

LAWAL: Wannan kam abin a rubuta ne.

ALMU: Ya ce su a wurinsu sunan abin bakti. Wai ka ba da zuciyarka gaba ɗaya, ba ka jiran a mayar maka da komai. Ya ce mai bi don a ba shi, ciniki yake yi, kuma shi ɗan kasuwa ne, ya san ciniki in ya gan shi. Na ce ni dai Allah ɗaya nake bauta wa. Ya ce bai ce ina bauta ba, ya ce ina so. Na kwashe furannin na mayar mata. Alewar dai na cinye.

LAWAL: Da Malam ya zo ya ga takalman?

ALMU: Tsaya... kwabo... Shegiyar waya, cikinta ba ya cika. Hello?

LAWAL: Ina nan. Sha biyu saura ashirin da biyar, Almu.

ALMU: Na ji. Ranar da na kawo shi, Joshi ya hau sama, ya durƙusa zai taɓa ƙafafunsa, haka suke gaida manya. Malam ya janye ƙafa cikin bargo kamar an sa masa wuta. Ya ce, Almu gaya masa ni ɗan Adam ne, yau sau shida ina zawo. Na fassara. Joshi ya ce, haka malamina yake cewa! Malam ya ce gaya masa durƙuso na Allah ne shi kaɗai. Joshi ya ce, wallahi kalmar malamina ke nan! Duk abin da Malam ya faɗa don ya kore shi, sai ya ƙara matsowa.

LAWAL: Ya gamu da gamonsa.

ALMU: Daga nan kullum da hantsi sai ya bar wa tsohuwa shago ya hau. Ina tsakiya ina tafinta. Malam ya tambaye shi, in malaminka ya ce ka yi zalunci fa? Joshi ya ce ai ranar ya daina zama malamina, don ba ƙafar nake bi ba, inda ƙafar ta nufa nake bi. Malam ya ce, Almu, wannan arnen ya fi rabin 'yan jam'iyyarmu fahimta. Ya ce kada in fassara arnen.

LAWAL: Ka fassara?

ALMU: Na ce wai ya ce kai masani ne. Sai Malam ya ce in sauko masa da takalman. Ya juya su, ya duba inda dunduniya ta cinye, ya ce, to ka ajiye su, ina suka kai ka? Na ce London. Ya ce su ba London za su ba.

LAWAL: Bai gode maka ba?

ALMU: Ka taɓa jin Malam ya gode wa mutum don ya yi abin da bai sa shi ba?

LAWAL: Almu, ka ji ni. Ni ba irinku ba ne. Ni na sa hannu a takardar tuba. Wata huɗu yana kurkuku na je gaban hakimi na ce na bar jam'iyya, aka ba ni gurbin karatu. Kowa a Rafin Marke ya sani. Shi ya sa ban shiga asibitin ba. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofa, in zauna a mota, in ce wa direba mu koma. Da wane ido zan kalle shi? Yanzu kuma in je in tsaya a kan gawarsa da buta? Hannun da ya sa hannu?

ALMU: Ya ga motar.

LAWAL: Me?

ALMU: Gadonsa na bakin taga. Ya ce mini, ga Lawal can a baƙar mota, ya yi ƙiba. Ya ce in bar ka, wai mai zuwa bakin ƙofa sau biyu zai zo na uku.

LAWAL: ...

ALMU: Hello? Lawwali? Layin ya yanke?

LAWAL: Bai yanke ba, sakatariya ce ta leƙo. Eunice! Please, shut the door. Ina jin ka.

ALMU: Kwabbai biyu suka rage mini, kuma akwai abin da ban gaya maka ba. Joshi ya ba ni makullin wayarsa, wayar da ko ɗansa ba ya taɓawa, na ƙi, na fito titi, don kada tsohuwa ta ga fuskata in ina faɗa.

LAWAL: Faɗi.

ALMU: Ban kayar da ɗan doka ko ɗaya ba.

LAWAL: Haba, wannan ai kowa...

ALMU: Bari in gama. Da suka shigo kasuwa, bayan buhunan mai gishiri na shige. Ina nan kwance, fuskata a ƙasa, har motar ta tashi. Da kasuwa ta watse na rarrafo, na ga takalma a gindin turmin da yake tsayawa a kai, na ɗauka. Iyakar jaruntakata ke nan. Na ɗauka ba wanda ya gani. Shekaranjiya Malam ya ce mini, Almu, daga bayan mota ana ganin kasuwa duka. Na ga ƙafafunka sun leƙo daga bayan gishiri.

LAWAL: Wayyo Almu.

ALMU: Ya ce kuma na ga wani yaro siriri ya biyo motar da gudu. Ya wuce mahauta, ya wuce gada, suna dukan hannunsa da kulki in ya kama ƙarfen baya, ya saki, ya sake kamawa, har ƙofar gidan yari. Mil uku.

LAWAL: Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ko Karimatu ce mata na yi ƙofa ce ta datse mini yatsun.

ALMU: Ya ce wanda ya yi wannan gudun gajiya ya yi, ba mutuwa ya yi ba. Ya ce in ba ka takalman.

LAWAL: Ni? A'a. A'a, Almu. Kai ka ajiye su shekara goma sha huɗu.

ALMU: Haka na ce masa. Na ce Malam, ni fa? Ni da ban sa hannu a takardar kowa ba, ni da na ƙi aikin gwamnati sau biyu, ni da nake toya biskit? Ya ce kai ka iya ajiya, shi ya iya gudu, takalmi kuwa na tafiya ne. Ya juya ya fuskanci bango. Ba mu sake maganar ba.

LAWAL: Bai kyauta maka ba.

ALMU: Kada ka ce haka.

LAWAL: Wallahi bai kyauta ba.

ALMU: Na ce kada ka faɗa! Ni kaɗai ke da ikon faɗa, kuma na faɗa, jiya, bayan an fita da shi. Na zauna bakin gado na ce Malam ba ka kyauta ba. Na naɗe takalman na mayar saman kabad. Na ce wa ya ji? Daga ni sai shi, da Hausa muka yi, shi kuma ya tafi. Zan gaya wa Lawal maganar ruwa, in haɗiye ta takalma. Ni da nake ƙara wa labari, yau sai in rage.

LAWAL: To me ya hana ka?

ALMU: Da safen nan Joshi ya kawo mini shayi. Ya dubi saman kabad, ya dube ni. Ba ya jin Hausa, amma ya ga lokacin da Malam ya nuna takalma ya ambaci sunanka. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, jiya takalman malaminka ne, in ka riƙe su yau, tsohuwar taya ce kawai. Ya ce shekara goma sha huɗu kana cewa ba ka jiran komai, ashe kana jira. Ya ajiye shayin ya sauka.

LAWAL: Kai.

ALMU: Na ji kamar in jefe shi da kofin. Amma gaskiya ya faɗa. Ina jira, Lawwali. Ina jiran ranar da zai ce Almu, ka yi. Kalma biyu. Ya tafi da su.

LAWAL: Ya ce ka wanke shi. Bai ba wa liman ba, bai ba ni ba. A gadonka ya zaɓi ya mutu, ga ɗakin da na yi masa booking mai talabijin.

ALMU: Haka tsohuwa ta ce. Wai a wurinsu bawan da aka bari ya taɓa jiki ya fi wanda aka ba kyauta. Ban sani ba ko lallashina take yi.

LAWAL: Kuka kake yi?

ALMU: Sanyi ne. Akwai wata Baturiya a waje da kare, tana ƙwanƙwasa gilashi tun ɗazu, ta ɗauka dariya nake. Ga kwabon ƙarshe na jefa. Takalman suna nan a hammatata cikin jakar leda. In ka zo, in ba ka. In ba ka zo ba, in aiko maka ta gidan waya, don an ce in ba ka, ba a ce sai ka zo ba. Ruwan kuma ɗan Pakistan ya zuba. Ba zan zage ka ba.

LAWAL: In na karɓa me zan yi da su? Ƙafata ta fi tasa girma.

ALMU: Bai gaya mini ba. Ka san shi, ba ya ba da amsa, sai aiki.

LAWAL: Sha biyu saura kwata.

ALMU: Na gani, akwai agogo a shagon mai magani.

LAWAL: Karimatu za ta ce na haukace. Mun sayi labule sabo wancan watan... Almu, da gaske ya ce na yi ƙiba?

ALMU: Ya ce kamar buhun simintin da ruwa ya taɓa.

LAWAL: Wannan kai ka ƙara.

ALMU: Ni na ƙara. Ƙibar dai tasa ce.

LAWAL: Ruwan, da ɗumi ake so ko da sanyi? Ban taɓa yi ba.

ALMU: Da ɗumi. Daga dama ake farawa. Zan nuna maka, ni ma jiya liman ya koya mini.

LAWAL: Eunice! If Alhaji rings... a'a. Tell him I've gone to a burial. Tell him whose, after four. Yes, after four. Almu, ba zan ɗauki motar ba, direban ɗan ƙanwar Alhaji ne. Wace bas ke zuwa wajenku? Rabona da bas shekara biyar.

ALMU: Hamsin da uku. Ka gangara Whitehall ka tsaya a...

LAWAL: Sittin da uku?

ALMU: Hamsin! Fifty-three! Ta bi Old Kent Road, kada ka sauka sai Woolwich, bakin kasuwa. Za ka ga wani tsohon Ba'indiye da farar riga yana riƙe da tawul, ni ina gefensa. Kuma Lawwali, ka cire agogon zinaren nan kafin ka shigo, ka san halinsa, ko a mace sai ya...

LAWAL: Na cire. Almu, ta fara kuka, sa wani kwabon!

ALMU: Babu. Ka taho kawai, ka nannaɗe hannun riga, ina ji...